Sanyaya abu da maganaɗisu: zai yi aiki a zafin Damagaram?

Tambayar ta fito daga wani matashi mai gyaran firijo da kilim a wajejen kasuwar Dole, wanda ya yi karatun lantarki kafin ya buɗe shago. Ga ta a taƙaice: "Malam, na ji wai akwai hanyar sanyaya abu da maganaɗisu, ba gas, ba kwampireso, ba abin da ke juyawa. Ina da farantin nan na bolt 12 da ake cirowa daga injin ruwan sanyi, ina da maganaɗisun lasifika da na tsohon diskin kwamfuta. In na manna su jikin farantin, sanyin zai ƙaru? Kuma mene ne gaskiyar maganar tun daga tushe?"

Ƙanena, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1886 aka gano shi. Amma maganaɗisun da ke hannunka ba zai ƙara wa farantinka ko digiri ɗaya ba. Dalilin hakan shi ne wurin da ilimin yake, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Mutane kan cakuɗa abubuwa uku, saboda duka ana kiransu sanyi marar gas. Na farko shi ne farantin da ke shagonka. In ka sa wuƙa ka ɓare ɗaya da ya riga ya mutu, za ka tarar da tangaran fari guda biyu, kowane santimita 4 tsawo da faɗi, a tsakaninsu kuma ƴan ƙananan ƙwayoyi masu launin toka, an jera su layi-layi an liƙe da jan ƙarfe. In an rubuta TEC1-12706 a jikinsa, lambar tana nufin ƙwayoyin tagwaye 127 ne, kuma yana jan kuran har amfiya 6. An yi su da bismut haɗe da teluriyam. Wannan tasirin Peltier ne, sunan wani Bafaranshe mai sana'ar agogo da ya gano shi a 1834. Babu maganaɗisu a cikin lamarinsa sam. Abin da nake so ka riƙe game da shi guda ne: a cikin kowace ƙwaya, zafi yana bin layin da kuran ke bi, sama ko ƙasa. Shi ya sa dole a sami ƙwaya iri biyu, mai tura zafi inda kuran ya nufa da mai tura shi akasin haka, a jera su bi-da-bi.

Na biyu shi ne wanda ƴan jarida suka fi kira firijon maganaɗisu. Akwai ƙarafan da in aka sa su cikin maganaɗisu suna ɗumama, in aka fitar da su suna hucewa su yi sanyi fiye da yadda suka fara. Masana biyu, Weiss da Piccard, suka ga haka a jikin nikel a 1917, a 1933 kuma Giauque da MacDougall suka yi amfani da shi suka sauka ƙasa da kelbin ɗaya (kelbin ma'aunin zafi ne da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili). Ƙarfen da aka fi gwadawa a zafin ɗaki shi ne gadoliniyam, yana ba da wajen digiri 3 a kowace tesla, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. To amma wannan ba na'ura ce marar motsi ba: sai an riƙa juya maganaɗisun ko ƙarfen, sai famfo yana tura ruwa gaba da baya. Sannan gadoliniyam ya fi aiki kusa da digiri 20 na Selsiyos. A shagonka cikin watan Afrilu ya yi nesa da inda yake da ƙarfi, sai an haɗa masa wasu gaurayen ƙarafa hawa-hawa. Zan bar shi nan, don ba shi ka tambaya ba.

Na uku shi ne naka: dunƙulen ƙarfe guda ɗaya, kuran yana ratsa shi, maganaɗisu na tsaye a kansa ba ya motsi, sai gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Sunansa tasirin Ettingshausen. Albert von Ettingshausen da wani ɗalibi mai suna Walther Nernst suka gano shi a garin Graz na ƙasar Ostiriya, a ɗakin binciken Ludwig Boltzmann, suna gwaji da bismut. Abin fuska biyu gare shi. In ka ɗumama gefe ɗaya na ƙarfen cikin maganaɗisu, bolt zai fito a gicciye, wannan ake kira tasirin Nernst. In kuma kai ne ka tura kuran, bambancin zafi zai fito a gicciye, shi ne na Ettingshausen. Wani masani mai suna Bridgman ya nuna daga baya cewa lissafi ɗaya ke ɗaure da su, ƙarfen da ya yi kyau a ɗaya ya yi kyau a ɗayan. Nernst ɗin shi ne ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 1920, amma a kan wani aiki dabam.

Yanzu ka kwantar da sandar ƙarfe a kan teburinka, tsawonta gabas da yamma. Ka tura kuran ya nufi gabas. Ka sa maganaɗisu ƙarfinsa na sauka daga sama zuwa ƙasa. Duk abin da ke ɗauke da caji yana gudu cikin maganaɗisu, ana ture shi gefe, ba gaba ba, ba baya ba. Wannan turin shi ke juya kowane injin lantarki da ka taɓa naɗe wa waya. A tsarin da muka yi, turin zai nufi arewa.

A jan ƙarfe, ilektron ne kaɗai ke ɗaukar kuran. Ana ture su arewa, sai su taru a can. Da zarar sun taru, gefen arewa ya cika da caji iri ɗaya, wanda ke korar na baya. Kafin ƙiftawar ido an yi kunnen doki: turin maganaɗisu da korar cajin sun daidaita, ilektron sun koma tafiya miƙe kamar ba a yi komai ba. Ɗan bolt ɗin da ya rage tsakanin arewa da kudu shi Edwin Hall ya auna a 1879, kuma shi ne aikin ɗan ƙaramin abin nan baƙi da ke cikin fankar kwamfuta yana gaya mata inda maganaɗisunta ya kai. Zafi fa? Kusan ba ya motsawa. Ilektron masu sauri da masu nawa suna ɗan rabuwa kaɗan, amma abin bai taka kara ya karya ba.

Bismut dabam yake. Shi rabin-ƙarfe ne, masu ɗaukar kuran iri biyu gare shi: ilektron masu caji na ragi, da gurabe masu caji na ƙari. Gurbi shi ne wurin da ilektron ya tashi ya bari, kuma yana tafiya cikin ƙarfen tamkar wani abu mai zaman kansa. A bismut mai tsabta adadinsu daidai yake, kowane ilektron da gurbinsa. In kuran ya nufi gabas, gurabe suna gudu gabas, ilektron suna gudu yamma. Cajinsu ya saɓa, hanyarsu ta saɓa, saɓani biyu suka haɗu suka ba da abu ɗaya: maganaɗisu yana ture su dukansu arewa. Da suka isa can, ragi da ƙari sun cinye juna, babu cajin da zai taru ya tare hanya. Saboda haka kwararar ba ta tsayawa. Muddin kuran na tafiya, tagwaye na ta kwarara daga kudu zuwa arewa.

Ina suke fitowa, ina suke zuwa? A gefen kudu ana ta kwashe su, don haka ƙarfen yana ta haifar sababbi, kuma raba ilektron da gurbinsa yana cin ƙarfi, ƙarfin da ake zara daga zafin wurin. Kudu ta yi sanyi ke nan. A gefen arewa sun yi yawa, sai su riƙa haɗewa, kowace haɗuwa tana sakin zafin da aka ɗauko. Kai da ke cika gas kullum ka san wannan tsarin: gas yana tafasa a bututun cikin firijo ya sha zafi, ya je bututun baya ya koma ruwa ya saki zafin. Nan tagwayen su ne gas ɗin, kuran da maganaɗisu su ne kwampireso, kuma ba bututun da zai huje.

Kyan abin a gicciyen nan yake. Tun da zafi da kuran ba hanya ɗaya suke bi ba, ba ka buƙatar ƙwaya iri biyu, ƙarfe ɗaya ya isa. Farantinka yana da ƙwayoyi 254, kowace an liƙe ta sama da ƙasa, wato liƙi ya haura 500, kowane ɗaya yana cin ɗan kuran yana mai da shi zafi a daidai inda ba a so, kuma in ɗaya ya tsinke duka farantin ya mutu. Na'urar Ettingshausen waya biyu kawai take so, ɗaya a kowane ƙarshe, nesa da hanyar zafin. Kana son bolt mai yawa da kuran kaɗan, sai ka tsawaita sandar. Kana son canza yadda zafi ke ratsawa, sai ka taɓa kaurinta. Ɗaya ba ya shiga sabgar ɗaya.

Akwai kuma wata dabara da har yau take burge ni. Faranti ɗaya na Peltier ba ya wuce bambancin digiri 70 ko kusa da haka tsakanin fuskokinsa, shi ma in ba a ɗora masa komai ba. Mai son fiye da haka sai ya ɗora faranti kan faranti, ƙarami a sama, babba a ƙasa, domin na ƙasa dole ya kwashe zafin da na sama ya ɗebo har da wanda na saman ya haifar da kansa. Kowane hawa da tangaran ɗinsa da liƙinsa da asararsa. A 1958 O'Brien da Wallace a Ostireliya suka nuna cewa na'urar Ettingshausen ba ta buƙatar ɗore-ɗore. Sassaƙa ta kawai za a yi: gefen sanyi siriri, yana faɗaɗa a hankali da farko, sannan da sauri, har gefen zafi ya zama gindi mai faɗi. Kowane siririn yanki na tsawonta yana zama hawa guda, hawan ba iyaka, kuma ba liƙi ko ɗaya a tsakani. A 1964 Harman da abokan aikinsa a ɗakin binciken Lincoln na MIT a Amurka suka sassaƙa kiristal ɗin bismut haka, wato dunƙulen da atom ɗinsa ke jere a tsari guda, suka sami bambancin wajen digiri 100 daga zafin ɗaki. Dunƙule guda, ya wuce faranti ɗaya na Peltier.

To me ya hana mu gan shi a kasuwa, shekara sittin bayan nan? Sun yi gwajin ne cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla kusan 11. Don ka gane girman wannan: na duniyar da muke takawa yana tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65 (mikro na nufin kashi ɗaya cikin miliyan). Baƙin maganaɗisun lasifika, a fuskarsa, wajen 0.1 ne na tesla. A cikin siririn ramin da naɗin wayar lasifikar ke shiga yana iya kusantar tesla ɗaya, amma ramin milimita ɗaya ko biyu ne. Na diskin kwamfuta, wanda aka yi da neyodimiyam, shi ne mafi ƙarfin da ɗan kasuwa zai samu, a fuskarsa bai cika wuce rabin tesla ba. Injin hoton asibiti na MRI tesla 1.5 ne ko 3. Tesla 11 sai naɗin waya da aka tsoma cikin ruwan heliyam mai sanyin kelbin 4, ko kuma naɗin da ke shan wutar da za ta ishi unguwa guda ana kwarara masa ruwa. A kunna wannan duka don a sanyaya guntun ƙarfe kamar ɗan yatsa, kai ma ka san cinikin bai faɗa ba.

Me ya sa sai maganaɗisu mai ƙarfi haka? Nan ne gindin maganar, kuma nan ne zafin garinmu ya shigo. Ilektron ba ya tafiya ba tangarɗa. Yana ɗan gudu, ya yi karo da atom mai karkarwa, ya watse, ya sake farawa. Maganaɗisu yana lanƙwasa hanyarsa ne kawai tsakanin karo da karo. In tazarar gajera ce, kafin ya lanƙwasa an riga an buge shi. Masana suna auna wannan da lamba da za mu kira sauƙin motsi, a ninka ta da ƙarfin maganaɗisu a tesla. In sakamakon ya yi ƙasa da 1 sosai, lanƙwasar ba komai ba ce. In ya haura 1 da kyau, to tagwaye na kwarara gefe yadda ake so. A jan ƙarfe sauƙin motsin wajen 0.004 ne, wato ko da tesla ɗaya cur, lanƙwasar ba ta kai rubu'in digiri na kusurwa ba. A bismut cikin zafin ɗaki, lambar tana wajen 1. A sanyin ruwan naitirojin, kelbin 77, wato digiri 196 ƙasa da sifili, ta kai gommai. A kelbin 4 ta shiga dubbai. Dalili a fili yake: zafi shi ne karkarwar atom, in ya ragu karo ya ragu.

Ka ga inda aka kwana. Na'urar nan ta fi iya sanyaya abin da ya riga ya yi sanyi. Tsakanin kelbin 100 zuwa 200, gaurayen bismut da ƴar antimoni kaɗan, kamar kashi 3 cikin ɗari, yana aiki da maganaɗisun da bai kai tesla ɗaya ba, irin wanda ba ya buƙatar wuta. A can kuma faranti irin naka ya riga ya gaji, saboda bismut-teluriyam yana rasa ƙarfi in aka sauka ƙasa sosai. Shi ya sa masu bincike suka fi hangen amfaninta a matsayin hawa na ƙarshe a kan wani injin sanyi, don ƙananan abubuwa kamar idon kyamarar da ke ganin zafi cikin duhu, ko na'urar awo da ba ta son girgizar kwampireso. Rana tsaka a Damagaram cikin bazara, digiri 42, kelbin 315 ke nan. Mun fi kowa nisa da inda take jin daɗi.

Bismut ɗin ma yana da tsirfa. A cikin tsananin sanyi, ilektron ɗaya ne ke yawo a kowane atom 100,000, alhali a jan ƙarfe kusan kowane atom yana ba da ɗaya. Ƙarancin nan ne ke ba shi ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa: ƴar ƙazanta kaɗan, misali kuza ko teluriyam, atom goma cikin miliyan, ta isa ta ɓata daidaiton ilektron da gurabe, bolt ɗin Hall ya dawo ya tare hanya. Sannan dole ya zama kiristal guda, a yanka shi ta fuskar da ta dace, domin halinsa ta wannan gefe ba ɗaya ba ne da ta wancan. Ga shi da gautsi, yana tsagewa. Narka shi ba wuya, digiri 271 ne, ko kan gawayi za ka yi, amma abin da za ka zuba ya daskare ba shi ake nufi ba.

Farantinka kuwa matsalarsa biyu ce. An ƙara wa kowace ƙwaya sinadari da gangan domin ta zama mai ɗaukar kuran iri ɗaya tak, wato an kashe tagwaitakar da tasirin Ettingshausen ke rayuwa a kanta. Sauƙin motsin cikinta kuma bai kai 0.1 ba. Ninka shi da ɗan abin da maganaɗisun diski zai iya turawa ta cikin tangaran, za ka sami wajen 0.01 ko 0.02, kuma canjin da ake samu yana bin ninkin lambar da kanta, wato kashi ɗaya cikin dubbai. Ma'aunin zafinka ba zai gani ba. Gaskiya ne a 1962 Wolfe da Smith a ɗakin binciken Bell sun nuna maganaɗisu yana inganta ƙwayar Peltier, amma ta bismut da antimoni ce, kuma cikin tsananin sanyi. Abin da zai faru a shagonka shi ne maganaɗisun ya shiga tsakanin faranti da radiyata ya hana zafi fita, ko ya rikita fankar.

A ƴan shekarun nan maganar ta sake tashi, ta wata ƙofa. Akwai ƙarafan da su kansu maganaɗisu ne, kuma tsarin cikinsu yana karkatar da ilektron gefe ba tare da an kawo maganaɗisu daga waje ba. Masu bincike a jami'ar Tokyo sun ruwaito wannan a gaurayen manganis da kuza a 2017, sai a Co2MnGa, gaurayen kobalt da manganis da galiyam, a 2018, sai a gaurayen baƙin ƙarfe da galiyam ko alminiyam a 2020, wanda kayansa masu araha ne. Aiki ne mai kyau, kuma a zafin ɗaki yake. Amma ka duba lambobin kafin ka yi murna. Co2MnGa yana ba da wajen mikrobolt 6 a kowane digiri. Ƙwayar farantinka tana ba da wajen 200. Ingancin irin waɗannan na'urori ana auna shi da lamba mai suna ZT: a ninka wannan bolt ɗin da kansa, a ninka da sauƙin wucewar kuran da kuma zafin wurin a kelbin, a raba da sauƙin wucewar zafi. Tun da ana ninka shi da kansa, tazarar 6 da 200 ta zama fiye da sau dubu. Farantinka ZT ɗinsa wajen 1 ne. Na waɗannan sababbin bai kai 0.001 ba, sanyin da za su iya bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Inda suke da makoma a kusa shi ne siraran na'urorin auna kwararar zafi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Duk ranar da ka ga labari an ce an ƙera abin da zai kori kwampireso, ka nemi abu uku a ciki: a kelbin nawa aka gwada, da tesla nawa, ZT nawa. Yawancin labaran nan suke faɗuwa.

Ra'ayina, kuma na san wasu abokan aiki za su ce na cika tsauri: a zafi irin namu, ko Peltier ma ba abokin gasar kwampireso ba ne, balle Ettingshausen. Mu yi lissafi da abin da ka sani. Ruwa lita 10, daga digiri 40 zuwa 10. Kowace lita tana son a zare mata kilojul 4.18 a kowane digiri, jimla kilojul 1,254, wato wajen wat-awa 350 na zafi. Ƙaramin kwampireso mai lafiya yana kwashe zafi wat ɗaya da rabi zuwa biyu da kowane wat na wuta, don haka wajen wat-awa 200 sun isa. Faranti, a irin wannan tazarar zafi, in ya kwashe 0.4 ya yi ƙoƙari, wato kusan wat-awa 900. Ga mai fano ɗaya da batir ɗaya, wannan shi ne bambancin ruwan sanyi da kwana cikin duhu. Shi ya sa firijon allurar rigakafi masu aiki da rana da ake kai wa likitocin ƙauye, waɗanda dole su tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, kwampireso ne a cikinsu da ma'ajiyar ƙanƙara ko ruwan sanyi. Kada ka yarda wani ya sa ka haɗa masa akwatin faranti don ajiye rigakafi.

Akwai kuma abin da masu sayar da farantin ba sa faɗa. Digiri 70 ɗin nan daga fuskar zafi ake ƙirga shi, ba daga iskar ɗaki ba, kuma a wannan tazarar farantin ba ya kwashe komai. Ka ce yana shan wat 60 yana ɗebo 20, to wat 80 ne dole su fita ta baya. In radiyatarka irin ta kwamfuta ce mai hawa digiri 0.3 a kowane wat, ta ɗara iska da digiri 24. Iska 42, bayan faranti 66. Kana son 10 a ciki, tazara 56 ke nan, kusan ƙarshen ƙarfinsa, inda abin da yake kwashewa ɗan kaso ne kawai na abin da aka rubuta a kwali. Kuma ƙara masa kuran ba ya magani: ɗebo zafin yana ƙaruwa daidai da kuran, amma zafin da kuran ke haifarwa a cikinsa yana ƙaruwa da ninkin kuran da kansa, sai ya cinye ribar. Wannan doka ɗaya ce har a na'urar Ettingshausen. Sau da yawa faranti ya fi ba da sanyi mai amfani a bolt 7 ko 8 fiye da 12. In fanka ta tsaya kuwa, dalmar liƙin da aka saba sawa a cikinsu ta bismut da kuza ce, tana narkewa a digiri 138, irin wadda masu gyaran salula ke amfani da ita. Shi ya sa ake kawo maka su a mace ba alamar ƙuna a waje.

Don haka ka mai da hankalinka bayan farantin. Radiyata babba, fuska a goge sumul, farin man nan mai isar da zafi a shafa siriri ba a lafta ba, a ɗaure da ƙusoshi daidai ta kowane gefe, a toshe zagayen da soso don kada raɓa ta shiga ta ci liƙin. Sannan ka yi amfani da abin da garinmu ke da shi kyauta, wato bushewar iska. A bazara, in zafi ya kai 42 kuma laima a iska wajen kashi 15 cikin ɗari ce, ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa zai iya sauka kusa da digiri 22. Randar tsakar gida da wannan take aiki, haka ma tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami kyautar Rolex. In ka sa ɗan famfo na bolt 12 yana zagaya ruwan randa ta cikin akwatin alminiyam da ke manne da bayan farantin, fuskar zafin za ta iya zama wajen 30 maimakon 66, matuƙar randar babba ce kuma tana shan iska. Na san ruwa ba abin wasa ba ne a Zinder, to ga kuɗinsa: kowace lita da ta bushe tana tafiya da wajen kilojul 2,400, don haka wat 80 na tsawon awa goma lita ɗaya ce da ɗan ɗori. Daga Yuli zuwa Satumba, in iska ta jiƙe, dabarar tana raguwa sosai, sai ka koma kan fanka. Ka auna zafin bayan farantin kafin ka haɗa ruwan da kuma bayan ka haɗa, a bolt 8 da a bolt 12, ka rubuto mini lambobin huɗu, sai mu ga girman akwatin da zai iya riƙewa.